Noma Da Soyayya A Ƙarƙashin Bindiga: Sharhi Kan Ƙagaggun Labaran Ƙauye A Lokacin Tayar Da Ƙayar Baya

A shekarar 2021 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta ƙiyasta cewa rikicin Boko Haram ya ci rayuka kusan 350,000 a arewa maso gabashin Najeriya zuwa ƙarshen 2020. Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai cikin rahoton shi ne yadda adadin ya rabu. Kimanin 35,000 ne harsashi ko bam ko wuƙa ta kashe. Sauran, sama da 300,000, yunwa ce ta ɗauke su, da cutar da ba a sami maganinta ba, da rashin ruwa mai tsabta, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wato cikin kowane mutum 10 da yaƙin ya ci, 9 ba ranar hari suka mutu ba. Sun mutu ne a wata ranar da babu ɗan jaridan da ya zo, a gidan da aka hana mai shi zuwa gona daminar da ta wuce.

Waɗannan mutum 9 su ne rabon marubucin ƙagaggen labari. Ɗan jarida yana zuwa bayan an kai hari, ya ƙirga gawarwaki, ya ji ta bakin kakakin soja da na mai gari, ya koma. Aikinsa ke nan, kuma aiki ne mai amfani. Amma ranakun da ke tsakanin hari da hari, waɗanda su ne mafi yawan rayuwar mutumin ƙauye, ba su da mai ba da labarinsu sai wanda zai zauna ya ƙaga mutum, ya ba shi suna da gona da budurwa da bashi, ya bi shi daga shuka har girbi. A ganina irin wannan labari yana cin sunansa ne idan ya ajiye ƙauyen a tsakiya ya bar bindiga tana kewaye da shi. Da zarar bindigar ta zama jarumar littafi, mutanen ƙauyen sun koma taron da ake harbi kawai, an sake mayar da su adadi.

Tayar da ƙayar baya kusan ko'ina a ƙauye take ci take sha, ko da kuwa a birni aka haife ta. Wani malamin jami'a, Abimael Guzmán, shi ya kafa ƙungiyar Sendero Luminoso a ƙasar Peru, amma a ƙauyen Chuschi ta fara yaƙinta cikin 1980, da ƙona akwatunan zaɓe. Da hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta kammala aiki a 2003, ta ƙiyasta mutum 69,280 ne suka mutu ko suka ɓace. Kusan 4 cikin 5 mazauna karkara ne, 3 cikin 4 kuma harshen da suka tashi da shi Quechua ne ko wani daga harsunan 'yan asalin ƙasar. Kafin rahoton, adadin da aka saba ji a Lima, babban birnin ƙasar, rabin wannan ne ko ƙasa da haka. Dubban mutane sun mutu ƙasarsu ba ta ma ji ba. Haka Boko Haram: a cikin Maiduguri Mohammed Yusuf ya tara mabiya, amma bayan kashe shi a 2009 sai yaƙin ya gangara dajin Sambisa da duwatsun Gwoza da tsibiran Tafkin Chadi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙauye akwai daji na ɓuya, akwai rumbu, akwai samari, hukuma kuma tana nesa. Abin da marubuci ya kamata ya fahimta shi ne, ƙungiyar da ta daɗe a wuri ba kisa kaɗai take yi ba, mulki take yi. ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, tana karɓar haraji daga masunta da makiyaya a yankin Tafkin Chadi, tana yanke hukunci tsakanin masu jayayya. A Zamfara ƙauyuka da dama sai sun biya 'yan bindiga kafin a bar su su shiga gona, su sake biya kafin girbi. A tsakiyar Mali, wasu garuruwan yankin Niono sun ƙulla yarjejeniya da masu iƙirarin jihadi a 2021 don a buɗe musu hanyar gona da kasuwa. Garin Djibo na Burkina Faso kuwa tun 2022 aka datse hanyoyin shigarsa, abinci sai da rakiyar soja ko ta jirgin sama. Ita ma hukuma idan ta tashi yaƙar su, sai ta rufe kasuwanni, ta hana hawa babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta katse layukan waya, kamar yadda aka yi a arewa maso gabas a 2013 da kuma Zamfara a watan Satumban 2021. Kowane mataki daga ɓangarorin biyu a kan talakan ƙauye yake sauka. Gaba kura, baya siyaki.

A nan ne labari yake, ga wanda ya iya gani. Ka ɗauki daren da dattawan gari suka taru don yanke shawarar ko za a biya kuɗin da aka ɗora musu. Idan suka biya, gobe jami'an tsaro za su ce da haɗin bakinsu. Idan suka ƙi, sun san abin da ke biyo baya. Mutanen Lucanamarca a Peru sun yi ta maza suka kashe wani kwamandan Sendero da ya addabe su, a watan Afrilun 1983 ƙungiyar ta dawo ta kashe musu mutum 69, har da yara ƙanana. A garin Moura na Mali kuwa, inda masu iƙirarin jihadi suka daɗe suna shiga suna fita, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin ƙasar da wasu mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500 a watan Maris na 2022. Dattijon da ke zaune a wannan taro da irin wannan lissafi yake a kansa. Marubucin da ya iya sa mai karatu ya zauna a cikin zauren, ya ji shi ma bai san wace shawara zai bayar ba, ya koyar da abin da babi 10 na harbe-harbe ba za su koyar ba.

Wani abu da labarai marasa zurfi suke kuskurewa shi ne siffar mai bindigar. Sukan kawo shi baƙo, daga cikin duhu, fuska a rufe, ba uwa ba uba. Masanin siyasa Stathis Kalyvas, a nazarinsa na 2006 kan yaƙe-yaƙen basasa, ya nuna cewa kashe-kashe da yawa a irin waɗannan rikice-rikice daga cikin gari suke tasowa: maƙwabci ya kai sunan maƙwabcinsa wurin masu makami saboda tsohuwar rigimar iyakar gona, ko gado, ko bashi, ko mace. Babban yaƙin yana ba ƙananan gaba makamin da a da ba su da shi. Hausawa sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari, kuma duk wanda ya ji yadda kalmar infoma ta raba kan mutane a garuruwan da 'yan bindiga suka addaba ya san maganar ba ta tsufa ba. Illar ba ta tsaya ga wanda aka kai sunansa ba. Mutane sukan daina magana a bainar jama'a, miji ya riƙa tauna kalma a gaban ƙanin matarsa, a daina faɗin ranar da za a yi tafiya. Gari yakan mutu ta wannan hanya tun ba a ƙone ko ɗaki ɗaya ba.

Sannan shi kansa mai bindigar sau da yawa yaron gidan wane ne, an yi wasan ƙasa da shi. Dominic Ongwen yana yaro mayaƙan LRA, ƙungiyar 'yan tawaye ta Joseph Kony, suka sace shi a arewacin Yuganda a kan hanyarsa ta zuwa makaranta. Ya girma a daji ya zama kwamanda, a 2021 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ICC, ta same shi da laifuka 61 ta yanke masa ɗaurin shekara 25. An zalunce shi, shi ma ya zalunta, kuma ɗayan bai goge ɗayan ba. Marubuci yana iya zamewa ta gefe biyu a nan. Idan ya mayar da shi dodo, ya sauƙaƙa wa mai karatu, don babu wanda ke tsoron ɗansa zai zama dodo. Idan kuma ya yi ta jero masa uzuri, talauci ne, zalunci ne, rashin gata ne, har matar da ya yi wa fyaɗe ta ɓace daga shafin, to ya ci amanar waɗanda ya ce yana rubutu dominsu. Talauci da zalunci gaskiya ne, amma a ƙauye ɗaya, cikin talauci ɗaya, akwai saurayin da aka kira ya ƙi zuwa. Shi ma yana da haƙƙin a ba da labarinsa, har ma na fi son a fara da shi.

Sai batun soyayya, wanda wasu ke ganin ana cusa shi ne kawai don littafi ya yi kasuwa. Akwai masu yin haka, ba musu. Amma duk wanda ya bibiyi tarihin waɗannan ƙungiyoyi zai ga su da kansu ne suka fara jawo aure cikin yaƙi. Masu binciken da suka zanta da tsofaffin 'yan Boko Haram sun ji daga bakinsu cewa an jawo samari da jarin sana'a da kuma alkawarin yi musu aure, a lokacin da talakan saurayi ke ganin aure ya fi ƙarfinsa. LRA ta riƙa raba 'yan matan da ta sace ga kwamandojinta da sunan matan aure. A watan Oktoban 1996 ta kwashe ɗalibai mata 139 daga wata makarantar kwana a Aboke, wata malamarsu, Sista Rachele Fassera, ta bi su har cikin daji ta karɓo 109, aka riƙe 30. Shekara 18 bayan haka aka kwashe 276 a Chibok, sannan 110 a Dapchi a 2018. Abin ya yawaita har shari'ar duniya ta ba shi suna: a 2008 kotun musamman ta Saliyo ta amince cewa auren dole a lokacin yaƙi laifi ne na cin zarafin bil'adama, kuma yana cikin laifukan da aka kama Ongwen da su. A garin Aguelhok na arewacin Mali, a 2012, masu makami sun jefe wani namiji da wata mace har lahira bisa zargin suna zaune babu aure.

Ma'anar wannan duka ita ce, wa zai auri wa yana cikin abubuwan farko da mai bindiga ke ƙwacewa, tare da hanya da haraji. A ƙauyen da yake mulki, yarinyar da ta ce ga wanda take so ta yi jayayya ne da hukumar wurin, ko ta sani ko ba ta sani ba. Uban da ya gaggauta aurar da 'yarsa tana ƙarama don kada a ɗauke ta, shi ma yaƙin ne ya zaɓar masa suruki. Saurayin da ya tafi birni neman abin aure, hanya ta rufe a bayansa, waya ta ɗauke, ba shi da yadda zai sanar da ita yana nan kan bakansa. Don haka soyayya a irin wannan labari ita ce ma'aunin da ke nuna iya zurfin da yaƙin ya yi a cikin gida.

Akwai macen da na fi ganin marubuta sun yi wa rowar shafi, ita ce wadda mijinta ya ɓace. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, ICRC, ta ce tana da rajistar kusan mutum 22,000 da suka ɓace a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a kundinta a lokacin. Wasu mayaƙa ne suka tafi da su, wasu an kama su ne a shingen bincike, wasu gudu ne ya raba su da iyali. A Borno wasu matan da aka tsare mazansu har ƙungiya suka kafa mai suna Knifar, suna neman a faɗa musu inda mazan suke. Matar irin wannan ba ta ga gawa ba balle ta shiga takaba, ba ta ga miji ba balle ta ce tana da aure. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncinta. A mazhabar Malikiyya akwai maganar jiran shekara 4 bayan ta kai ƙara gaban alƙali, sannan idda, tare da bambance-bambance dangane da inda mutumin ya ɓace da kuma ko ya bar mata abin ci. Hukuncin yana nan, amma zuciyar da za ta yi aiki da shi ita ce abin rubutawa. Ranar da za ta je gaban alƙali, ranar ce take ji kamar da hannunta ta binne shi. Uwar mijin tana kallonta. Yaran suna tambaya. Ga wani mutumin kirki da ya fito yana so, ba shi da laifin komai. Idan kuma mijin ya dawo bayan shekara 6, a rame, ya tarar da ita da goyon wani, wa za a ce ya ci amanar wa? Labari ne da babu mugu a cikinsa, amma kowa ya ji ciwo.

Sai wadda ta dawo daga daji da ciki ko da goyo. Wani bincike da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka yi a Borno a 2016 ya gano irin tsangwamar da waɗannan mata ke sha: ana kiran su matan Boko Haram, ana kiran su annoba, ana gudun 'ya'yansu da cewa jinin uba zai yi halinsa. A Yuganda da Saliyo ma an ga haka. Littattafai da yawa a nan suke neman hanyar sauƙi. Sai a kawo wani hafsan soja ko ɗan masu kuɗi daga birni, ya ji tausayinta, ya aure ta, ya ɗauke ta daga ƙauyen, a rufe littafi da biki. Na fahimci abin da ya sa mai karatu ke son haka, zuciya tana buƙatar hutu. Amma dubi abin da wannan ƙarshe yake faɗa: mafitarta ita ce wani daga waje ya fitar da ita, ƙauyen kuma ba sai ya canja komai ba. Dubban irinta babu hafsan da zai zo musu. A rijiyar da ake yi musu gori za su ci gaba da ɗiban ruwa. Labarin da zai amfane su shi ne wanda ya tsaya a ƙauyen, ya nuna yadda tsohon saurayinta yake kokawa da kansa, yana son ta amma yana tsoron bakin mutane, yadda wata tsohuwa ta fara karɓar jaririn ta goya a gaban kowa, yadda ake ɗaukar shekaru kafin a daina sauke murya idan ta shigo.

Akwai ma abin da ya fi wannan wuyar taɓawa. 'Yan jarida sun ba da rahoton matan da aka ceto, aka yi musu watanni ana ba su shawara, amma suka sulale suka koma daji wurin mazan da suka riƙe su. Wasu don 'ya'yansu suna can, wasu don a can suna da abinci da matsayi, a sansani kuwa sai layi da wulaƙanci. Marubucin da ya mayar da wannan soyayyar ban sha'awa tsakanin yarinya da wanda ya sace ta ya yi ɓarna babba, don ya shafa wa auren dole turare. Wanda ya ƙi kallon abin gaba ɗaya kuma ya bar tambayar da ta fi muhimmanci: wane irin zama aka tanadar mata a gida har daji ya fi mata?

Kalmar juriya, wadda ake yawan yaba irin waɗannan littattafai da ita, tana buƙatar a riƙe ta da hankali. A ranar 28 ga Nuwamban 2020 aka yi wa manoman shinkafa yankan rago a gonakin Koshebe, kusa da Zabarmari a jihar Borno, washegari aka yi jana'izar 43. Sun san hatsarin wurin sarai kafin su fita. Ana iya cewa jarumta ce ta kai su, kuma akwai jarumta a ciki, amma yunwar gida ce ta tura su. A farkon shekarun 2000 dubban yara a arewacin Yuganda sukan taka da ƙafa kowace yamma daga ƙauyukansu zuwa cikin garin Gulu, su kwana a barandar shaguna da harabar asibiti don kada a sace su da dare, gari ya waye su koma. Wanda ya kalli wannan ya ce kai, mutanen nan akwai juriya, ya juya ya tafi, ya mayar da yabo hanyar sauke nauyi. Idan aka yarda cewa haƙuri ɗabi'ar mutumin ƙauye ce, da shi aka haife shi, to ba sauran gaggawar kawo masa ɗauki.

Ƙagaggen labari yana da damar da rahoton ƙungiyar agaji ba shi da ita, ta nuna juriya a matsayin aiki da ake biya da tsada, ya kuma nuna wanda ke biya. Yarinyar da aka cire daga makaranta don ta yi renon ƙannenta ita ta biya. Tsohon da ya ce a gudu a bar shi don ƙafarsa ba za ta kai ba shi ya biya. Matar da ta sayar da akuyar ƙarshe aka haɗa kuɗin fansa ita ta biya. Har juriyar da aka tsara da gangan ba ta zuwa kyauta. A 1997 manoman San José de Apartadó a Kolombiya suka ayyana garinsu a matsayin al'ummar zaman lafiya: ba za su ba kowane mai makami abinci ko labari ba, 'yan tawaye ne, 'yan sa-kai ne ko sojan gwamnati. Kowane ɓangare ya ɗauke su maƙiya. An yi ta kashe su, a watan Fabrairun 2005 kaɗai aka kashe musu mutum 8 har da ƙananan yara, amma ba su janye ba. Wannan zaɓi ne da mutane suka zauna suka yi, suna sake yin sa bayan kowace jana'iza, tare da gardama da kuka da waɗanda suka gaji suka bar garin.

Kada kuma a mayar da mutanen ƙauyen waliyyai. Yaƙi ba ya kashe gulma da kishi da rowa. Ana raha a sansanin gudun hijira, ana faɗa kan layin ruwa, ana cin amanar kayan agaji, ana haihuwa ana sa suna. Littafin da kowa a cikinsa yake kuka daga bangon farko zuwa na ƙarshe ya rage wa mutanensa mutunci, don ya hana su zama cikakkun mutane.

Wa ke rubutawa, kuma da wane harshe, shi ma yana canja labarin. Yawancin littattafan da duniya ta sani kan irin waɗannan yaƙe-yaƙe da Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci aka rubuta su, don mai karatun da ke nesa. Wanda ke nesa sai an girgiza shi kafin ya saurara, shi ya sa ake yawan jini da ƙarancin noma. Idan aka rubuta da harshen mutanen da abin ya shafa, mai karatun yana iya zama 'yar gudun hijirar da kanta, tana karantawa a waya ko tana saurara a rediyo, kuma ita ba a yi mata ƙarya kan yadda ake gudu da dare da yaro a baya. A Hausa an fara ganin alamar haka. Da sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata, Hikayata, a 2016, labarin da ya zo na ɗaya a kan rayuwar sansanin 'yan gudun hijira yake. Marubutan da suka ƙware kan labaran soyayya tun shekarun 1980, waɗanda mata suka yi yawa a cikinsu, suna da kunnen da ke jin maganar cikin ɗaki, kuma kunnen da wannan batu yake buƙata ke nan.

Kusancin yana zuwa da nauyi. Labarin da ya ba duk masu bindiga ƙabila ɗaya da karin harshe ɗaya, ya ba duk waɗanda aka zalunta wata ƙabilar, yana zuba wa wuta fetur. A ƙauyen Ogossagou na Mali an kashe Fulani kusan 160 a watan Maris na 2019, a yanayin da aka riga aka jingina al'umma guda da laifin wasu 'ya'yanta. Irin wannan tunani a baki da labarai yake fara yawo kafin ya kai ga makami. Haka nan marubucin da ya je sansani wata mata ta buɗe masa cikinta, amana ya ɗauko. Idan ya bar sunan ƙauyen da siffar gidan yadda maƙwabta za su gane ta, ya jefa ta cikin tsangwamar da yake cewa yana yaƙa, wataƙila ma cikin hatsari, tunda masu bindigar suna da waya kuma suna karatu.

Matsala ta ƙarshe ita ce inda za a ajiye alƙalami, tunda yawancin waɗannan yaƙe-yaƙe ba su ƙare ba, waɗanda suka ƙare ma ba da faretin nasara suka ƙare ba. Mutanen ƙauye kuma ba kullum suke yin abin da na birni ke zato ba. A 2002 wani bam da 'yan tawayen FARC suka harba ya faɗa kan cocin da mutanen Bojayá a Kolombiya suka fake, ya kashe aƙalla 79. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan yarjejeniyar sulhu da FARC a 2016, ƙasar ta ƙi amincewa da rinjaye ɗan kaɗan, amma a Bojayá sama da kashi 90 cikin 100 suka ce a yi sulhu. Su ne za su ci gaba da zama kusa da dajin, su suka san kuɗin ci gaba da yaƙi.

A Najeriya shirin Operation Safe Corridor yana karɓar tubabbun mayaƙa tun 2016, bayan mutuwar Abubakar Shekau a 2021 kuma dubun dubatar mayaƙa da iyalansu suka miƙa wuya, a daidai lokacin da gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri tana mayar da mutane garuruwansu. Wannan komawa ita ce ɓangaren da aka fi ƙarancin rubutu a kai. Mutum ya koma ya tarar wani yana noma gonarsa, ko gonar ta zama daji da nakiya binne a ciki. Wanda ya ƙone masa gida ya dawo da takardar tuba da keken ɗinki, shi kuwa da tabarma ya dawo. Ga kuma yaran da aka gudu da su a goye ko ana jan hannunsu a 2014, waɗanda yanzu sun tasa, wasunsu sun isa aure. A sansani da gefen birni suka girma, da yawansu ba su taɓa yin noman damina guda ba, ƙauyen da iyayensu ke kuka a kai suna ne kawai a wurinsu. Cikinsu akwai saurayin da zai bi mahaifinsa ya koma don kada gonar gado ta salwanta, akwai budurwar da ta koyi sana'a a birni ta ce ita ba inda za ta, kuma su biyun suna son juna.